Ƙwayar bitamin D3: abin da na gani bayan wata uku

Cinyoyina ne suka fara ba ni labari. Idan na durƙusa zan ɗauki abu a ƙasa, sai na dafa bango ko kujera kafin in miƙe, ni da ban cika shekara arba'in ba. Matakalar bene kuwa sai na tsaya a tsakiya na huta. Ga wani ciwo mai nauyi a ƙugu da ƙwauri, can cikin ƙashi, idan na danna da yatsa sai in ji shi har raina. Aikin dare nake yi, don haka na daɗe ina ɗora masa laifin komai.

Da abin ya ishe ni na je asibiti, likita ta tura ni gwajin jinin da ke auna bitamin D. Sakamakona ya fito 11 ng/ml, wato ma'aunin yawan bitamin ɗin a jini. Ta ce ƙasa da 12 ƙaranci ne bayyananne, daga 20 zuwa sama kuma yana wadatar yawancin mutane. Na ce, "Likita, ai gadona a jikin taga yake, rana tana dukana kullum ina barci." Ta ce, "Zafin ranar ne yake riskarki. Gilashi yana tare wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB, shi kuwa fata take buƙata ta haɗa bitamin ɗin." Wannan magana ta tsaya mini a rai, shekaru ina zaton ina samun rana. Ta ƙara da cewa fata mai duhu tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara, mai ƙiba kuma kitsen jikinsa yana riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini. Ta tambaye ni ko ina da ciwon hanta ko ƙoda, domin a can jiki yake sarrafa shi, da kuma ko ina shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka, tun da wasunsu suna saurin ƙarar da shi.

Ta fara rubuta mini babbar ƙwayar bitamin D mai 50,000 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin) sau ɗaya a mako har mako takwas, sannan ƙarama ta kullum, D3 mai 1000 IU. Ƙaramar ce nake magana a kanta, kuma gaskiya ba ita kaɗai ta yi aikin ba, babbar ce ta share mata hanya.

Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce mai laushi, launin ruwan zuma, da mai a cikinta. Ba ɗaci, ba wari, ba ta tsayawa a maƙogwaro, ni da manyan ƙwayoyi ke ba ni wahala na ji daɗin wannan sosai. Da abinci mai ɗan maiƙo nake shanta, domin a mai take narkewa, hanji ya fi tsotsarta a haka. Ba ta taɓa ɓata mini ciki ba.

Inda masu ita suka gaza shi ne rubutun jikin kwalbar. A gaba an rubuta 1000 IU, a baya 25 mcg, ba bayanin komai, har na ɗauka an ba ni wata daban. Ashe abu ɗaya ne, ma'auni ne biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gargaɗin yawan sha, an dunƙule shi da ƙananan haruffa sai na haska fitilar waya na karanta. Babban mutum bai kamata ya wuce 4000 IU a rana ba sai da umarnin likita, saboda bitamin D yana taruwa a jiki. Idan ya yi yawa sinadarin kalsiyam yana hauhawa a jini, ya kawo tashin zuciya, yawan fitsari, har da tsakuwar ƙoda. Irin wannan magana a gaban kwalba ya kamata ta zauna. Sannan na taɓa barinta a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin suka manne da juna sai da na yi ta girgizawa.

Mako uku na farko ban ji wani canji ba, har na fara karaya. Wajen mako na shida na tsinci kaina na miƙe daga ƙasa da kwando a hannu ban dafa komai ba. Ciwon ƙashin ya yi ta raguwa a hankali. Gwajin wata uku ya nuna 28. Gajiyar dai ba ta tafi duka ba, aikin dare yana nan da nasa kason.

Wata abokiyar aikina ta ce in sam mata, ita ma kullum a gajiye take. Na hana ta, ba don rowa ba. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin wannan kasalar, kuma wannan ƙwaya ba abin da za ta yi musu. Ta je ta yi gwaji, nata ƙarancin jini ne.

Zan sake sayenta idan ta ƙare. Yanzu kuma idan na farka da rana nakan fita waje in zauna na ɗan lokaci, hannuwana a buɗe, kafin in shiga shirin aiki.