Family Link na Google: abin da yake tarewa a wayar yaro, da abin da ke wuce shi

Family Link manhaja ce ta kamfanin Google wadda uwa ko uba ke kula da wayar yaro da ita daga cikin tasu wayar. Ta fito a Amurka a 2017, ta bazu sauran ƙasashe a 2018, kuma kyauta ce, babu kuɗin wata babu na shekara. Idan yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana da wayar Android ko tablet tasa ta kansa, a saka mashi ita, ta ci wahalarta. Idan kuwa wayar Mama yake karɓa ya yi kallo kafin a gama tuwo, kamar yadda ake yi a yawancin gidajenmu na Katsina, wannan manhaja ba za ta yi muku komai ba, wata dabara ce ta dace da ku, za mu zo kanta.

Saitawa ba ta wuce minti 15 zuwa 20 idan sabis na da kyau. Ana buƙatar wayoyin biyu a hannu, kowace da data da caji. Ta iyaye Android ce ko iPhone, duk ɗaya. Ta yaro kuwa sai Android, kuma daga Android 7.0 zuwa sama ne komai ke aiki daidai. A sauke Family Link a wayar iyaye, a buɗe wa yaro asusun Gmail daga cikin manhajar, a shigar da asusun a wayarsa, sai wayar ta nemi uwa ko uba su saka kalmar sirrinsu don amincewa. Kafin a sayi tablet ɗin yara masu araha da ake kawowa kasuwa, a buɗe Play Store a cikinsa, a shiga "Settings", sannan "About", a duba ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect. Wadda ba ta da ita takan ƙi karɓar asusun yaro ko ta riƙa ba da matsala. Haka wayoyin Huawei da suka fito babu manhajojin Google bayan takunkumin Amurka na 2019, su ma ba sa ɗauka.

Wurin da aka fi lalata aikin tun daga tushe shi ne ranar haihuwa. An saba a sayi waya a kan titin IBB, a ce wa mai shago ya buɗe imel, shi kuma don ya huta da tambayoyi sai ya rubuta shekarar haihuwar da ta mayar da ɗan firamare magidanci. Google na ɗaukar wannan asusun na babba ne, ba ya saka masa kariyar da ake yi wa yara. Ƙa'idarsu a Najeriya shekara 13 ce, wanda bai kai ba ta hannun iyaye ake buɗe mashi asusu. Saboda haka a rubuta shekarun gaskiya, kuma iyaye su buɗe da hannunsu. Abu na biyu: wayar yaro ba ta zama da asusun wani babba a cikinta. Idan kwancen wayar Baba ce aka ba shi, lokacin saitawa za a ce a cire asusun Baba. A tabbatar an kwashe lambobin mutane da hotuna da ajiyar WhatsApp tukuna. Mafi tsafta ma a goge wayar gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa, domin abin da ke cikin gidan hotunan babba ba duka ne ya dace da idon yaro ba.

Akwai wata iyaka da ta nuna ba don gidajenmu aka ƙera abin ba. Rukunin iyali na Google, wanda Family Link ke haɗa iyaye da yara a cikinsa, mutum 6 kawai yake ɗauka, har da wanda ya buɗe shi. Uba da uwa da yara huɗu, ƙofa ta rufe. Gida mai ɗaki biyu ko uku sai dai kowace uwa ta buɗe nata rukunin da 'ya'yanta. Mutum kuma ba ya zama a rukuni biyu lokaci ɗaya, sauya rukuni sau ɗaya ake yi a wata 12. Ma'ana maigida ba zai ga rahoton dukan yaransa a asusu ɗaya ba. A zauna a tsara wa zai riƙe wa kafin a fara dannawa.

Inda manhajar ta yi zarra shi ne lokaci. Ana saka awannin da yaro zai yi da waya a kowace rana, Litinin daban, Asabar daban. Idan lokacin ya cika wayar ta kulle kanta. Ana saka lokacin barci, a ce daga ƙarfe 8:30 na dare bayan Isha'i zuwa 7:00 na safe. Ana kuma yanka wa manhaja ɗaya nata lokacin, misali wasan mota minti 30, a bar manhajar Alƙur'ani ko ta koyon lissafi babu iyaka, don kada yaro ya zo tilawa ya tarar wasa ya cinye lokacin. Ko wayar na kulle yaro yana iya amsa kira, yana kuma iya kiran gaggawa, don haka babu fargabar a neme shi a rasa. Iyakar da aka riga aka saka tana ci gaba da aiki ko babu data. Sabon umarni ne ba ya isa sai wayar yaro ta hau intanet. Uwa ta danna kulle daga wurin biki, ta dawo ta iske yaro yana wasansa, ta ce manhajar ƙarya ce, alhali datarsa ce a kashe. Idan akwai data, toshe manhaja kan ɗauki kamar minti 5 kafin ya kama. Don irin ranar da babu sabis kuma ana son buɗe wayar, akwai lambar iyaye da ake gani a cikin manhajar, wadda ke canzawa bayan ɗan lokaci. Kada a karanta ta da ƙarfi a gaban yaro. A lura kuma, awannin rana kowace na'ura nata ake ƙirga mata: awa 1 a waya da awa 1 a tablet sun zama awa 2.

Nawa ya kamata a saka? Ga ƙanana akwai ma'auni: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai shekara 2 ba a raba shi da zaman kallon allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ya fi. Ga 'yan firamare masu boko da safe da Islamiyya da yamma, awa 1 a ranar makaranta ta wadatar a ganinmu.

Play Store ma ya tsaru. Yaro ya danna sauke wani abu, saƙo ya zo wayar iyaye, a amince ko a ƙi. A zaɓi a nemi izini kan komai, ba kan na kuɗi kaɗai ba, domin wasannin kyauta su ne masu cike da talla da ɗakunan hira da baƙi. Manhajoji na da alamar shekaru: 3+, 7+, 12+, 16+, 18+. Kada a dogara da alamar ita kaɗai, don daga amsoshin da mai manhajar ya cike ake fitar da ita. Wasan da ake hira da mutane a ciki, ko an rubuta masa 7+, a ƙi shi ga ƙaramin yaro.

Yanzu ga ɓarakar, kuma tana da faɗi. Tace shafukan intanet a cikin Chrome kaɗai yake aiki. Can akwai zaɓi uku: a bar komai, a yi ƙoƙarin toshe shafukan batsa, ko a bar shafukan da iyaye suka amince kawai. Na tsakiya ƙoƙari ne kamar yadda sunansa ya faɗa, kuma ba don shafukan cacar ƙwallo aka yi shi ba, waɗannan da hannu ake ƙara su. Ga wanda bai kai shekara 9 ba a ɗauki na uku. To amma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Infinix da itel, sukan zo da wata burauzar, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a ciki irin su Phoenix, ga Opera Mini da kowa ke sakawa don tsimin data, ga kuma kantin manhajoji nasu na kansu, Palm Store. Duk wannan tace-tacen na Chrome bai shafe su ba. Dole a bi jerin manhajojin wayar ɗaya bayan ɗaya a toshe kowace burauza da kowane kanti da ba na Google ba. Wanda bai yi wannan ba ya kulle ƙofar zaure ne ya bar katangar baya a rushe.

A cikin saitin na'urar yaro akwai makunnai uku da mutane ba sa leƙawa: saka manhaja daga wajen Play Store, ƙara sabon mai amfani da waya, da saitin masu ƙera manhaja. A duba a tabbatar duk ukun a kashe suke. Na farkon shi ne ke hana aboki ya turo wa yaro TikTok ko wata burauza ta Xender, manhajar tura abubuwa daga waya zuwa waya, ya girka. Xender ɗin ma a toshe shi, domin bidiyon da aka turo ta nan, ko ta Bluetooth, ko wanda aka loda a memori wurin masu turin finafinai, Family Link ba ya ganinsa sam. Abin da zai nuna kawai shi ne yaro ya yi awa 1 a manhajar kallon bidiyo. Me ya kalla? Sai an karɓi wayar an duba. A zare memorin idan babu buƙatarsa.

Haka Family Link ba ya karanta saƙonni, ba ya nuna da wa yaro ke hira. WhatsApp da Facebook da TikTok duk shekara 13 suka gindaya kafin a buɗe asusu irin na kowa, don haka amsa mafi sauƙi ga ɗan shekara 9 ita ce a'a. In dole ta sa aka saka WhatsApp saboda zauren aji, a shiga "Privacy" a mayar da "Groups" kan "My contacts" don baƙo ya daina jefa lambar cikin rukuni, a kuma kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye a ƙarƙashin "Storage and data".

Akwai ƙarin kariya da ba ta Family Link ba amma tana toshe wani ɓangare na ɓarakar. A Android 9 zuwa sama, a saitin intanet na wayar akwai "Private DNS". A rubuta family.cloudflare-dns.com a wurin. Wannan hidima ce ta kyauta da kamfanin Cloudflare ya fito da ita a 2020, tana hana buɗe sanannun shafukan batsa da masu ɗauke da ƙwayar cutar waya a kusan kowace burauza. Idan aka kuskure harafi ɗaya intanet ɗin wayar zai tsaya cak, sai a sake dubawa. Yaro mai wayo na iya kashe shi, don haka a riƙa leƙawa.

YouTube Kids, wanda ke tafiya tare da asusun yaro, ya raba yara gida uku: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, sai 9 zuwa 12. Na'ura ce ke yawancin tantancewar, wani abin yakan zille. Zaɓin da ya fi aminci shi ne wanda iyaye ke zaɓar tashoshi da bidiyoyin da kansu, wanda kuma ke kashe bincike. Idan ana amfani da shi a wayar babba, makullin saitinsa lissafin sau ne da ɗan aji huɗu zai warware, a canza shi da lambar sirri mai lamba 4. Shirye-shiryen Hausa ba su da yawa a ciki, wannan ne ke sa yara su yi ta nacin a ba su babban YouTube.

Ga masu ba yaro wayarsu kuwa, abin nema shi ne maƙale manhaja. A saitin tsaro na Android ana kiransa "App pinning" ko "Screen pinning". A kunna shi tare da zaɓin neman lambar sirri kafin a cire. A buɗe YouTube Kids, a je jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan, a danna tambarinta a zaɓi "Pin". Yaro ba zai fita ya shiga WhatsApp ko manhajar banki ba. A iPhone sunansa "Guided Access". Abin da ke karya shi ɗaya ne: yawancin yara sun haddace zanen buɗe wayar uwarsu. A canza shi.

Nuna inda yaro yake da Family Link ke yi yana aiki a cikin gari, za a ga yana Ƙofar Ƙaura ko ya nufi Ƙofar Marusa, muddin wayar na kunne da data da caji. Yanayin tsimin batir mai tsanani da wayoyin nan ke shiga idan caji ya yi ƙasa yakan sa a ga wurin da yake tun awa biyu da suka wuce. Inda babu sabis kuwa babu labari, kamar lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021. Kada a ɗauke shi matsayin tsaro a hanya.

Kyautar ma tana da farashinta. Google na tara bayanan abin da yaro ke yi a asusun, kuma a 2019 an ci kamfanin tarar dala miliyan 170 a Amurka kan tattara bayanan yara a YouTube ba da izinin iyaye ba. A saitin asusun yaro ana iya dakatar da ajiye tarihin bincike da na kallo. Sai dai wanda ya kashe tarihin kallo shi ma ba zai ga abin da aka kalla ba, ga ƙaramin yaro gara a bar shi a kunne.

Yaro ba ya iya cire asusun daga wayar sai da kalmar sirrin iyaye, ko ya goge wayar ta bayan fage za ta nemi asusun da ke kanta a da. Mai gyaran waya da kwamfutarsa kuwa yana iya wanke ta tas. Idan rahoton yaro ya tsaya kwana biyu yana nuna bai taɓa waya ba alhali ana ganinta a hannunsa, a karɓa a shiga "Accounts" a duba ko asusun da aka buɗe mashi yana nan.