Harsasai huɗu da na gwada kafin farautar barewa

Tunda na zo jihar Minesota ta Amurka abokin aikina ke ta roƙona in bi shi farautar barewa ta watan Nuwamba. Bana na amsa, amma na ce sai na fara sanin bindigar da kafaɗata za ta iya ɗauka. Muka je filin koyon harbi ranar Asabar, na yi hayar bindigogi huɗu, na sayi kwalin harsashin kowace.

Ta farko, mai cin harsashin .243 Winchester, ba ta da wani abin faɗa. Shurinta, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa idan ta tashi, taɓawa ce kawai, kamar yaro ya dafa ka.

Daga nan na koma kan .30-06, tsohon harsashin da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, wanda mafarautan nan har yau suke ji da shi. Ƙwayarsa ta kai kusan giram 12. Harbin farko na ji shurin har cikin haƙorana. A na biyar malamin filin ya dafa ni ya ce, "Kana runtse ido kafin ka ja kunama." Gaskiya ya faɗa. Jikina ya riga ya san abin da ke tafe, yana ɗarewa tun bindigar ba ta tashi ba, harsashin kuma sai ya faɗa ƙasa da inda na auna. Wannan ya fi ciwon kafaɗar damuna, domin dabbar da aka harba a karkace wahala kawai za ta sha a daji, ni kuwa ba zan so ɗaukar wannan alhaki ba.

Bindigar tsuntsaye mai lamba 12, da harsashin dalma dunƙule guda na giram 28, ta fi duka mugun shuri. Sau uku na harba na ajiye. Washegari wurin da ta doke ni a kafaɗa ya yi baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Wani abin da ban zata ba: malamin ya ba ni wata .30-06 mai nauyi, mai roba mai kauri a gindi, harsashi iri ɗaya, sai na ji dukan ya koma turi. Ashe nauyin bindiga yana shanye ƙarfin, kuma idan ka manna gindinta sosai a kafaɗa ba ta samun tazarar da za ta naushe ka.

Wadda ta shiga raina ita ce 6.5 Creedmoor, da kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Ƙwayarta giram 9, shurinta tsaka-tsaki. Na yi harbi ashirin ido buɗe, huda biyar na ƙarshe suka taru wuri guda a takarda daga nisan yadi 100. Harsashinta ba shi da arha, amma ita na yanke shawarar saya. Na riga na biya kuɗin wasu ranakun Asabar biyu a filin kafin Nuwamba ta kama.