Elise, Caterham ko Atom? Kafin ka biya, leƙa ƙarƙashinta

Makon jiya bayan an sauko daga Juma'a, wani ƙanena da muke zaune gari ɗaya a nan Leicester ya tare ni a bakin masallaci da hotunan ƙananan motocin gudu uku marasa nauyi a wayarsa: Caterham, Ariel Atom da Lotus Elise. Ya ce, "Yaya, na ɗan tara abin da na tara, wacce za ka ce in saya?" Na ce masa wannan magana ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci. Shi ya sa na zauna na rubuta, don shi da duk wanda irin wannan sha'awa ta kama.

Dukkan ukun daga tunani ɗaya suka fito: rage wa mota nauyi. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus kuma ya mutu a 1982, yana ganin ƙaton inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake da amfani, amma idan ka rage wa mota nauyi, ka ci riba wajen tashi, wajen shan kwana, da wajen taka birki. Corolla ta yau tana kai wajen kilo 1,300. Elise ta farko da ta fito a 1996 kilo 725 ce, da inji mai lita 1.8 da ƙarfin doki 118 kacal, amma tana kai gudun mil 60 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 6. Ba ta cin taya, ba ta cin birki, man da take sha kuma bai wuce na ƙaramar motar gida ba.

Ba zan ɓoye ba, ni ɗan Elise ne. An ƙera ta a Hethel da ke yankin Norfolk, a wani tsohon filin jiragen yaƙi, kuma an yi ta daga 1996 har 2021. Abin da ya bambanta ta shi ne casis ɗinta. Kwari ne na alminiyum, kamar kwale-kwale, wanda aka haɗa da gam mai ƙarfi maimakon walda, nauyinsa kilo 68, sannan aka ɗora masa bodin faiba. Injin yana bayan kujera. Sitiyarin ba shi da fawa, don ba ya bukata. A watan Yuni, lokacin da rana ke fitowa kafin ƙarfe biyar, nakan fita bayan asuba in bi ƙananan hanyoyin karkara ta wajen Rutland. Duk tsakuwar da tayar gaba ta taka sai na ji ta a tafin hannu. Kafin in gama niyyar shan kwana, motar ta riga ta juya. Kuma duk wannan a gudun mil 50 ne, ba sai na karya dokar hanya ba. Manyan motoci masu doki 500 sai ka wuce ƙa'ida nesa kafin su fara yi maka daɗi, a ƙasar da iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ce kuma kyamara ta cika ko'ina.

A cikin Elise ɗin ma akwai zaɓi. Na farko-farko suna da injin Rover da ake kira K-series. Mara nauyi ne, mai daɗin murya, amma an san shi da ƙona gasket, musamman idan ruwa ya yi ƙasa ba a lura ba. Daga 2004 aka fara sa injin Toyota, kuma nan nake ba da shawara a tsaya. Samfurin 111R yana da doki 189, kuma idan allura ta wuce 6,000 sai injin ya sauya murya ya ƙara ja kamar an zabure shi. Wanda bai damu da wannan ba ya nemi Elise S ta 2006 zuwa 2010, mai doki 134. Injinta, 1ZZ, shi ne na Corolla ɗin nan da ta cika titunan Kano, wanda kowane bakanike a Ƙofar Ruwa ya san cikinsa. Ta ɗan fi ta farko nauyi, wajen kilo 860, amma za ka riƙa barci da ido biyu rufe. Mazauna Landan kuma su tuna da kuɗin hayaƙi na ULEZ: motar fetur da ba ta cika ƙa'idar Euro 4 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta fita, kuma tsofaffin Elise na iya faɗawa ciki.

Caterham Seven ita ce kaɗai nake ɗauka kishiya ta gaske. Asalinta Lotus Seven ce ta 1957, Chapman ya sayar wa Caterham haƙƙin ƙera ta a 1973, har yau kuma ana yin ta a Dartford. Ƙaramarsu, Seven 170, injin Suzuki ne da ita mai siisii 660, nauyinta wajen kilo 440. Ana ma iya sayen ta a wargaje mutum ya haɗa a garejinsa. Na tuƙa ta abokina a Donington Park, kuma gaskiya a filin tsere ta fi Elise sa jini tafasa. Sai dai gwiwar hannunka a waje take, iska na dukan kunne, rufin tamfol ne mai maɓallai da sai ka tsaya ka yi ta fama da shi ruwa na zuba a kanka. A ƙasar da sama ke sauya fuska sau uku a wuni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kana da gareji da wata motar ta zuwa aiki, saye ta. Idan babu, haƙura.

Ariel Atom, wadda ake haɗawa a Crewkerne da injin Honda Civic Type R, ba ƙofa, ba rufi, sai ka sa hular kwano. Abin wasan filin tsere ce, ba ta mai neman mota ɗaya ba. Akwai wasu ma banda ukun nan: Morgan ta Malvern, mai firam ɗin katako a cikin bodi, kyau ake saye. TVR kuwa masana'antarta ta Blackpool ta rufe tun 2006, ga tsatsa a casis, ga babu ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Ba na ba sabon shiga shawarar ya saye ta. Lotus Emira da ta gaji Elise ta haura kilo 1,400, ta fita daga wannan layi.

Elise ma tana da nata. Kujera biyu ce, but ɗin kuma jaka ɗaya mai laushi yake ɗauka, ga zafin inji kusa da shi. Shiga ciki idan rufi na sama sai an koya: ƙafar hagu ta fara shiga, ka zame a kan faffaɗan dokin ƙofa, sannan ka jawo ta dama. Da babbar riga ba zai yiwu ba, kuma dattijo mai ciwon baya kada ma ya gwada. A babbar hanya ƙara ta yi yawa, kana ƙasa-ƙasa tayar tirela na daidai kanka. Idan an yi ruwa mai ƙarfi takan ɗiga ta gefen gilashi. Mai tunanin loda ta a jirgi ya kai gida kuma ya sake tunani. Na Ingila sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kuma doka ba ta yarda da irin waɗannan ba. Ko ka samo mai sitiyarin hagu daga Jamus ko Amurka, tazarar cikinta da ƙasa ba ta kai taƙi guda ba, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa mata hanci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don nan aka cuce ni. Elise ɗin da nake hawa yanzu ita ce ta biyu. Ta farko na gan ta a talla, fenti na sheƙi, farashi ƙasa da na kasuwa kaɗan. Mai ita ya ce mu haɗu a filin ajiye motoci na wani kanti, wai gidansa ana gyara. Na biya kuɗin binciken tarihin mota, ya fito fes: ba bashi, ba sata, ba haɗari. Na ba da kuɗi na taho ina murna. Bayan wata biyu na lura tayar gaba ta hagu tana cinyewa ta ciki. Na kai wa wani tsohon bakanike da ya ƙware a kansu. Ya ɗaga ta, ya kwance farantan da ke rufe cikinta, ya haska tocila, sai ya yi shiru. Ya kira ni ya ɗora yatsana a inda hannun taya ke kama casis. Alminiyum ɗin ya yi ɗan tudu kamar takardar da aka dunƙule aka sake miƙewa, an shafe shi da baƙin gam. A ɗaya gefen sumul yake. Ya ce motar ta daki wani abu da ƙarfi, kuma wannan wuri ba a gyara shi, sai dai a sauya casis gaba ɗaya, kuɗin da ya kusa kai kuɗin motar. Lambar wanda ya sayar min ta daina shiga. Da asara mai yawa na rabu da ita, bayan na gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ƙasa, shi ma kayan jikinta yake so.

Me ya sa binciken bai nuna ba? Saboda a maganar haɗari, abin da inshora ta sani kawai yake nunawa. Ana yawan kai waɗannan motoci filin tsere, inshorar yau da kullum kuma ba ta biyan haɗarin da ya faru a can. Mutum ya daki shinge, ya ja motarsa gida, ya sayo sabon hancin faiba, ya fesa fenti, babu takardar da ta san an yi. Faiba ba ta lotsewa kamar ƙarfe balle ka ga alama, ana cire ta a sa wata. Rashin nauyin da ke sa motar daɗi shi ne kuma ya sa ɓoye ciwonta ke da sauƙi.

Saboda haka kada ka sayi Elise ba a ɗaga ta an cire farantan ƙasa ba, kuma wanda ya san ta ne zai duba, ba kowane gareji ba. Mai mota ya ƙi yarda, juya ka tafi. A kwarin alminiyum ɗin bai kamata ka ga walda ko ɗaya ba. Gwada dama da hagu: noti sabo a gefe ɗaya, tsoho a ɗayan, tambaya ce. Duba tazarar ƙofa da bodi ko ta yi daidai, duba burbushin fenti a kan roba. Ɗaga shimfiɗar ƙafa, don ruwa kan kwanta a ƙarƙashinta ya ci alminiyum. Tambayi ko an sauya siririn ƙarfen da ke riƙe saitin tayar baya, domin idan ya saki ana cikin gudu motar juyawa take. Lagireto yana can cikin hanci, idan yana yoyo sai an cire bodin gaba duka, aikin ya fi kayan tsada. Mai injin Rover kuwa, ka ce a bar maka ita a sanyi ka tayar da kanka, ka buɗe murfin baƙin mai; farin kumfa kamar madara alamar gasket ce.

Takardu ma a bi su a hankali. Ka je gidan da ke rubuce a takardar mallaka ta V5C, ba filin kanti ba, ba gidan mai ba. Lambar casis ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Na Lotus da SCC suke farawa. Tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta ne a shafin gwamnati, lambar mota kawai za ka sa ka ga milejin kowace shekara. Idan ya ja baya, an taɓa agogo. Tun Oktoban 2017 motar da inshora ta yafe ana mata lamba: Cat S idan ƙashin mota ya taɓu, Cat N idan bai taɓu ba. Elise mai Cat N ba lallai ta zama matsala ba, don tsadar bodin faiba kaɗai kan sa a yafe ta, amma sai ka ga hotunan kafin gyara. Mai Cat S ni ba na ko zuwa kallo. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka tura kafin alƙalami a kawo maka mota har gida, ɓarawo ne, hotunan ma na wani ya kwaso.

Masu son Caterham kuma tasu fitinar ta jabu ce. Kamfanoni da yawa sun kwaikwayi siffar Seven, har Caterham ta taɓa kai Westfield kotu a shekarun 1980. Akwai kuma waɗanda mutane suka haɗa a bayan gida da kayan tsohuwar Ford Sierra. Wasunsu ba su da laifi idan an sayar da su da sunansu da farashinsu. Cutar ita ce a manna musu tambarin Caterham. Karanta abin da V5C ta kira motar. Idan har yanzu sunan motar da aka ciro kayan ne a jiki, to ba a yi mata rajista daidai ba, ba ta bi ta gwajin IVA da ake wa motocin haɗi ba, kuma ranar da aka yi haɗari inshora na iya zame maka.

Ƙanen nawa ya samo wata Elise S ta 2008 a wajen Derby, mai ita na biyu, da rasitan gyara cike da fayil. Na ce ya kira ya tambaya ko za a yarda mu kai ta gareji a ɗaga, kuɗin dubawa a kanmu. Mutumin ya amsa ba gardama, har ya ce akwai ɗan tsagu a hancin da zai nuna mana. Asabar mai zuwa in sha Allahu za mu tafi, na riga na yi wa tsohon bakanikena waya ya ware mana awa biyu.