Wasiƙa daga New York: abin da ya sa har yanzu ban sayi mota ba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka tambaye ni wace irin mota na saya. Ban saya ba, kuma ba rashin hali ba ne. Motoci a Amurka ga su nan birjik, sababbi da na hannu, har a kan bashi ake ba mutum. Amma a nan New York wanda ya sayi mota ya sayi ɗawainiya: inshora, kuɗin fakin, kuɗin gada, ga tara in ka ajiye ta inda bai dace ba. Daga Bronx inda nake zaune, jirgin ƙarƙashin ƙasa nake shiga zuwa aiki. Tashoshinsa 472 ne, dare da rana ba ya tsayawa, kuɗinsa ɗaya ko kusa za ka ko nesa, in kuma ka sauka ka hau bas cikin awa biyu ba ka sake biya.

Ba duk Amurka ce haka ba. A Houston, wanda ba shi da mota kamar an ɗaure masa ƙafa ne. Can suka faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har ta kai layi 26 a wani wurin in an haɗa da na gefe. Ba a yi shekaru da yawa ba cunkoso ya dawo, don duk inda aka buɗe hanya sai ƙarin motoci su cika ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne wata ƙungiya mai zaman kanta, Riders Alliance, da aka kafa a 2012. Ta fasinjoji ce zalla, masu hawa bas da jirgi. Za ka gan su a tasha da sassafe cikin sanyi, riƙe da takarda da biro, suna tambayar mutane: minti nawa ka yi kana jira, aiki ka makara ko asibiti? Su rubuta, su karɓi sa hannu, su kwashi fasinjojin da kansu zuwa Albany inda majalisar dokokin jiha take. Mai goge-goge a otal ta tsaya gaban ɗan majalisa ta faɗa masa abin da jinkirin bas ya jawo mata. Wallahi Yaya, wannan ya fi jawabin masana shiga zuciya. Suna cikin waɗanda suka matsa har aka fara ba masu ƙaramin ƙarfi rangwamen rabin kuɗin hawa bas da jirgi a 2019. Akwai kuma wata da ta girme su, Transportation Alternatives, tun 1973 take fafutukar masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Babban yaƙinsu shi ne kuɗin cunkoso, wato kuɗin da mota za ta biya in ta shiga tsakiyar gari. Landan ta fara nata tun 2003. A nan majalisa ta amince a 2019, aka yi ta jan ƙafa. A watan Yunin 2024, ana gab da farawa a kan dala 15, Gwamna Kathy Hochul ta dakatar. Ƙungiyoyin ba su yi shiru ba, suka yi gangami, suka je kotu. A ƙarshe aka fara ranar 5 ga Janairun 2025: ƙaramar mota da ta shiga Manhattan, tsakiyar birnin, daga titi na 60 zuwa kudu da rana za ta biya dala 9, sau ɗaya a yini. Babu shinge, babu mai tsayar da kai, na'ura ce ke karanta motar. Kuɗin kuma an ware shi don gyaran jirage, sigina, da sanya lif a tashoshi saboda tsofaffi da masu keken guragu.

'Yan uwanmu direbobin tasi sun kasu biyu. Wasu na cewa an ƙara wa talaka nauyi, tunda ana ɗora wa fasinjan tasi santi 75 a kowace tafiya a yankin, na Uber kuma dala ɗaya da rabi. Wasu na cewa yanzu sun fi yin lodi a yini don hanya ta ɗan saki. Ni dai ina bayan tsarin. Mafi yawan masu zuwa aiki tsakiyar gari ba da mota suke zuwa ba, to me zai sa bas cike da mutane ta tsaya bayan motar da mutum ɗaya ne a ciki?

Ka so ka ga titi na 14. Tun Oktoban 2019 aka hana ƙananan motoci ratsa shi da rana, aka bar wa bas da manyan motocin kaya. Wasu bas ɗin ma da kyamara a jikinsu, duk wanda ya tare musu layi takardar tara za ta same shi har gida. Irin wannan muke nema a manyan titunan Bronx, na kuma ba da sunana cikin masu tara sa hannu a tasharmu.

A gaida Umma da yara duka.

Ƙaninka