Omron M2 Basic: na'urar awon jini mai kyau, in maɗaurinta ya yi maka daidai

Cikin na'urorin awon hawan jini da ake samu a manyan kemis na Birnin Kebbi, Omron M2 Basic tana cikin waɗanda za a iya saya da kwanciyar hankali. A damtse ake ɗaura ta, maɓalli ɗaya gare ta, batura huɗu take ci. Ta fi irin ta wuyan hannu aminci, don waccan da hannu ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya sai lamba ta haura.

Lambobi biyu na jini take nunawa, sai bugun zuciya. Ta sama ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa na lokacin da ta saki. Ko dai ruwan da ke cikin jijiyoyin ya yi yawa, ko jijiyoyin sun tsuke, shi ne suke hawa. Gishiri na jawo na farko, domin in ya yi yawa ƙoda kan riƙe ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen miya da yaji da kanwa duk cikin lissafin suke. Tsukewar kuwa, ƙoda ce ke sakin sinadarin renin in ta ji jini ya rage zuwa mata, shi kuma ya tayar da anjiyotensin mai matse jijiyoyi. Tsufa na busar da jijiya ta daina miƙewa, shi ya sa dattijo kan ga 165 a sama, 75 a ƙasa, ya ce na'ura ta lalace, alhali lafiyarta lau.

Babban aibinta maɗaurin da ke cikin kwalin. Na damtsen da kewayensa ke tsakanin santimita 22 zuwa 32 ne. Mai jiki, ko manomin shinkafa da masuncin Argungu da aiki ya cika wa damtse, kan wuce haka, kuma ƙaramin maɗauri ƙara lamba yake yi. A auna damtse da tef ɗin tela kafin a biya kuɗi. In ya haura 32, a nemi babban maɗaurin, daban ake sayar da shi. Sannan awo na ƙarshe kaɗai take riƙewa, dole a tanadi littafi da biro.

Akwai maganar zafi ma. An ƙera ta ta yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40, a Kebbi kuwa watan Afrilu kan wuce nan. Kada a bar ta cikin mota ko ɗakin kwano da rana tsaka.

Sau da yawa awon da ke tayar wa mutane hankali daga kuskuren mai awon ne. Minti 30 kafin awo ban da goro, shayi, taba da doguwar tafiya, don duk suna tunzura zuciya. A yi fitsari tukuna. A zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. A ɗaura maɗaurin a kan fata, santimita 1 zuwa 2 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon yana bin cikin hannu, hannun a kan tebur saitin zuciya. Nannaɗe hannun riga har ya shaƙe damtse ɓata awo yake, gara a cire rigar. Ba magana, ba amsa sallama har ta gama.

A yi sau biyu, minti 1 tsakani, safe da yamma, kwana 7. A watsar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. A gida, 135 bisa 85 zuwa sama hawan jini ne, sai a kai littafin ga likita, a kuma faɗa masa in ana shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri. Mai juna biyu da ta ga 140 bisa 90 ba ta jiran kwana 7. Wanda ya ga 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko nauyin harshe, a kai shi Asibitin Sir Yahaya ko mafi kusa nan take.