Kwastoman ɓoye a gidan abinci: me yake kamawa, me ke kuɓuce masa?

Ga mai gidan abinci a Birnin Kebbi da ba ya wuni a wurin, turo mutumin da ma'aikata ba su sani ba ya ci abinci ya kawo rahoto aiki ne da ya cancanci kuɗinsa. Sai dai daga kan teburi rabin gaskiya kawai ake hangowa.

A yi zuwa biyu, kowanne da mutum daban, da ƙarfe 1 na rana lokacin cunkoso, da kuma bayan Isha'i. Wanda aka tura ya zauna inda zai hango ƙofar kicin. Mai karɓar kuɗi shi ne ke zuba salak da hannu? Tsumman goge teburi shi ake goge faranti da shi? Ruwan ɗauraya ya yi maiƙo? Ya shiga banɗaki ya duba ko akwai sabulu kusa da buta, don in babu, wataƙila masu girki ma ba su da shi.

Inda aikin ya fi amfani shi ne shinkafar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe dafaffen abinci da zafi sama da digiri 60, kada kuma ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Shinkafa na da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya. In ta daɗe a kula tana ɗumi-ɗumi sai ƙwayar ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Shi ya sa ƙaramin ma'aunin zafi a aljihu ya fi harshe gaskiya.

Amma kwastoma ba ya ganin cikin firji bayan an ɗauke wuta, ko katakon da aka yanka kifin Yauri a kai aka koma yanka kabeji, ko inda mai garuwa ya ɗebo ruwa. Ba ya ganin kashin ɓera a sito, alhali ta nan zazzaɓin Lassa ke shiga abinci. Maganin wannan shi ne mai gida ya ba shi takardar izini. Da ya biya kuɗi sai ya nuna ta ya shiga kicin nan take, kafin a yi kwashe-kwashe.

Abin da ke ɓata aikin shi ne maimaita fuska ɗaya, domin a garinmu ba a daɗewa ake gane mutum. Sai rahoton "babu tsafta" wanda ba lokaci, ba bayanin abin da aka gani. Kuma zalunci ne a kori yarinya mai wanke-wanke a kan rahoto alhali mai gida bai sayi sabulu ba. A riƙa sauya mutum kowane zuwa, a kuma bar wa ma'aikatan duba-gari nasu binciken, don su ne doka ta ba ikon shiga kicin.