Kit ɗin turbo na intanet a kan Toyota Yaris: abin da ke cikin kwali da abin da babu

Ana yawan tallata wani kit na turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura wa injin ƙarin iska, mara sunan kamfani a eBay da AliExpress, da alƙawarin cewa zai hau kowace mota. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne, shi ya sa yake jan hankalin masu ƙananan motoci. Za mu auna shi a kan injin 1NZ-FE na Toyota, mai lita 1.5, wanda ke cikin Yaris da Vitz da Echo. Injin yana ba da ƙarfin doki wajen 106, kuma matsinsa, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai a cikin silinda, 10.5:1 ne. Wannan matsi shi ke sa motar ta riƙa shan mai kaɗan, shi ne kuma tushen duk wahalar da za a sha wajen saka masa turbo.

A cikin kwalin za ka tarar da turbo samfurin T3/T4, da bawul ɗin rage hayaƙi mai milimita 38, da na'urar sanyaya iska, da bututun alminiyam masu inci 2.5 da robobin haɗi, da bawul ɗin sakin iska, da tiyon baƙin mai, da agogon matsi. Na'urar sanyaya iskar da bututun ba su da laifi. Sauran sai an yi hattara.

Turbon ya yi wa wannan inji girma. An yi T3/T4 ne don inji mai lita 2 zuwa sama, kuma hayaƙin lita 1.5 ba ya isa ya juya shi da wuri. Motar za ta yi nauyi a ƙasa, sai allurar juyin inji ta wuce 4,000 a minti sannan ƙarfi ya zo gaba ɗaya, alhali kaɗan ya rage a kai jan layi. Abin da ya dace shi ne ƙaramin turbo irin Garrett GT2554R ko Mitsubishi TD04. Ita kanta TRD, sashen Toyota mai kayan tsere, da ta yi wa wannan inji turbo a Vios da Vitz, turbon IHI RHF4 ta saka, matsin iska wajen bar 0.6 (bar ma'aunin matsi ne), ta samu ƙarfin doki kusan 150. Wannan adadi ya isa ya zama iyaka ga mai inji da ba a buɗe ba, musamman da yake su sun yi lissafinsu ne da fetur mai kyau da saitin masana'anta.

Babu bututun tara hayaƙi da ya dace da 1NZ-FE a cikin kwalin, sai an ƙera. Hayaƙin injin ta baya yake fita, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, kuma wurin a matse yake. Mai walda ya yi amfani da ƙarfe mai kauri, ya yi wa turbon abin tokara, don nauyinsa da zafi suna tsaga siririn bututu. A rufe wayoyi da tiyoyin burki da ke kusa da abin kare zafi.

Babbar matsalar ita ce fashewar mai kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Idan ka ƙara bar 0.5 a kan matsin 10.5:1, a lissafin kai-tsaye kamar inji ne mai matsin da ya haura 15:1. Ƙara da zafi: iskar da ta shiga turbo tana da digiri 40, irin na Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, za ta fito da wajen digiri 95 kafin a sanyaya ta. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya kuwa ma'auninsa na oktan, wato juriyarsa ga irin wannan fashewa, wajen 91 ne, ba a ma maganar na 'yan bumburutu. Idan waɗannan uku suka haɗu, za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ƙarar salansa ta rufe ta. Fistin na wannan inji na zubi ne, gefen da ke riƙe da zobba shi ke fara karyewa. Sandunan fistin kuma sirara ne, ƙarfi mai yawa a ƙananan juyi yana lanƙwasa su. Saboda haka mu a wajenmu bar 0.35 zuwa 0.45 ya wadatar. Sifirin da ke zuwa a bawul ɗin rage hayaƙi na kit ɗin yakan kai bar 0.5 ko fiye, a canza shi da mai laushi. Ɗan makunnin ƙara matsi da hannu kuma a bar shi a kwali, don shi ne ya fi jawo asarar inji.

Abin da ya fi ɓata mana rai da wannan kit shi ne ba ya zuwa da komai na gyara mai da wuta. Wasu masu sayarwa suna haɗawa da wani bawul mai ƙara matsin fetur, amma Yaris ba ta da tiyon mayar da mai tanki, mai daidaita matsinta a cikin tankin yake, don haka bawul ɗin ba shi da wurin aiki. Nozul na asali, wato masu fesa fetur cikin inji, wajen cc 200 suke fesawa a minti, ba za su ciyar da doki 150 ba. Ana buƙatar masu cc 330 zuwa 370. Da zarar an canza su, dole a samu abin da zai sarrafa su: ko ƙaramar kwamfuta da ake jonawa da ƙwaƙwalwar motar, irin GReddy e-Manage Ultimate ko AEM F/IC, ko cikakkiya irin Haltech ko Link. Mai saiti ya saka na'urar auna haɗin iska da mai a salansa, ya riƙe shi tsakanin 11.5 da 12 in turbo ya ɗauka, ya jinkirta wuta wajen digiri ɗaya a kan kowane psi na matsin turbo (wajen bar 0.07) a matsayin mafari, sannan ya saurari injin yana gyarawa. Idan babu wanda ya iya wannan aiki a inda kake, kada ka fara.

Motar tana auna iska kafin ta shiga inji. Bawul ɗin sakin iska na kit ɗin yana watsar da iska waje, wato iskar da aka riga aka lissafa mata mai, sai motar ta riƙa shaƙewa ko mutuwa in an cire ƙafa. A mayar da iskar gaban turbo, bayan ma'aunin.

Fulogi a sauko mataki ɗaya zuwa mai sanyi, daga Denso 16 zuwa 20, a rage tazarar bakinsa daga milimita 1.1 zuwa wajen 0.8. Baƙin man da zai je turbo a ɗauko shi daga wurin suwicin matsin mai. Tiyon dawowa ya zama mai faɗin milimita 16, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga saman layin da mai ke tsayawa a kasko. In aka huda ƙasa da haka, mai ya taru a turbo, shuɗin hayaƙi ya biyo salansa, a ɗora wa turbon laifi. Turbo mai boris irin GT2554R yana son ɗan maƙogwaro na milimita 1 mai rage kwararar mai a tiyon shiga, da ruwan sanyaya. Kada a saka buɗaɗɗen matacin iska a kusa da zafi, ƙurar hunturu tana cinye fukafukan turbo.

Kafin komai a gwada matsin silinda huɗun. In bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, gyaran inji ne a gaba. Kulocin asali zai fara zamewa, a tanadi mai ƙarfi. Mai giyar otomatik ya ƙara mata na'urar sanyaya mai.

Kit ɗin bai cancanci a saye shi yadda yake ba. Kusan rabin kayan za a ajiye, kuma nozul, kwamfuta, kuloci, walda da kuɗin mai saiti za su zarce kuɗin kwalin. Gara a sayi na'urar sanyaya iska da bututu daban, a nemi ƙaramin turbo na asali ko da na hannu ne a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a girgiza sandarsa a tabbatar ba ta wasa gaba da baya, sauran kuɗin a zuba su a kan mai da saiti.